Masu Gayya a Kan Allo

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Basirka. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare a Birnin Kudu ba. Na shiga sojan sama, aka koya mini aikin rediyo, na tsufa a ɗakin da ake bai wa jirage umarni. Da can, matuƙi zai faɗi inda yake, ni kuma in ɗiga da fensir a kan allon gilashi.

Dab da ritayata aka sabunta ɗakin. Aka kwashe gilashin, aka kafa manyan alluna na kwamfuta, jirgi marar matuƙi yana aiko da hoto daga sama. Samarin hafsoshi da aka horar suka karɓi kujerun. Ni aka bar mini rediyo kawai, suna ce mini Baba Fensir. Sau ɗaya na tanka a kan wani hoto, na yi kuskure, aka yi mako ana dariya.

Wata safiya da damina, hoto ya zo daga wani yanki mai nisa da ake fama da 'yan bindiga. Maza ne a jere kan siririyar hanya, kowa da dogon abu a kafaɗa. Na'ura ta zagaye su da jan layi, alamar abokan gaba.

Ina kallo na gane. Ba sa waige, ba sa ba da tazara. Suna kauce wa kunyoyin gona don kada su taka shuka. Na bayansu yana rataye da wani abu a hammata. Makaɗi ne, abin kafaɗar kuma fartanya. Gayya za su. Na yi irin tafiyar nan tun ina saurayi.

Hafsan da ke kan aiki ya juyo yana murmushi.

"Baba Fensir, ka ga aiki? Da fensirinka ne, sai sun ci tuwon rana kafin ka gama fiƙe shi."

Aka yi dariya. Na buɗe baki.

"Da magana ne, Baba?"

"Babu, yallaɓai."

Ya miƙo mini lambobin wurin, na karanta wa matuƙin jirgin yaƙi a rediyo, ya je ya sake musu bam. Ba na ɗora wa yaron laifi, a birni ya tashi, ya yarda da abin da aka koya masa. Ni ne na sani, tsoron dariya ya rufe mini baki.

Bayan na yi ritaya na dawo yankinmu na Gwaram, na je wurin wani malami dattijo, na faɗa masa duka.

"Allah mai gafara ne," ya ce, "amma haƙƙin mutane sai mutane. Ka je ka nemi iyalansu. Wane gari ne?"

Ban san sunan garin ba. Ban tambaya ba a ranar, kuma yanzu babu wanda zai gaya mini. Lambobin nan kaɗai na riƙe. Na fara jero masa su, ya ɗaga hannu ya ce in bari.