Tuwon Asabar da wayar Malam Haruna

Shekara bakwai ke nan da aka ɗauki maigidana daga gidanmu na Titiwangsa aka kai shi makwancinsa a nan Kuala Lumpur. Malam Haruna, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba sai yau da na rubuta shi a takarda. Allah ya jiƙansa. Duk shekara 'yan'uwa kan ce in rubuta wani abu, ni kuwa in ce me ya rage da ba a faɗa ba a zaman makoki? Bana dai ina da abin faɗa, har da ƙorafi a ciki, don haka wanda ya zo jin yabo zalla ya yi haƙuri.

Karatun ambaliya ne ya kawo mu ƙasar nan, daga baya jami'a ta riƙe shi yana koyarwa. Ɗan bakin kogi ne. Yana saurayi ruwa ya ci garinsu ya tafi da ƙaninsa, alhali ma'aikatan ƙasar da ke sama da su a kogin sun ga tasowar ruwan tun da wuri. Sun kuwa rubuta takarda. Takardar ta bi ofis-ofis, ta kwana a babban birni, ta tsallaka iyaka, ta iso bayan sadakar uku. Har ya koma ga Allah wannan takarda ba ta bar ransa ba.

A ajinsa yakan samu jami'an ba da agaji daga ƙananan ƙasashe, waɗanda ake turowa kwas na 'yan watanni. Mutanen tsibirai ne suka fi burge shi. Wannan ƙasa tana da jirgin ruwa, waccan tana da rumbun kayan agaji, ta uku tana da na'urar hasashen guguwa, sai suka haɗa, don kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ce ƙananan ƙasashenmu da kogi ɗaya ya ratsa me ya hana su? Amma ya san halinmu. A yi taro a otal, a sa hannu, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Shi ya sa ya tsiro da tuwon Asabar. Duk ɗan yankinmu da ya zo kwas sai ya kwaso shi zuwa gida, ni kuma in tsaya kan tukunya tun hantsi. Na sha yi masa mita. Ga shagunan abinci na mamak a kowace kwana, ka yo musu tapau mana, wato ƙunshin abinci a leda, ni baiwa ce? Sai ya yi murmushi ya ce shinkafar leda ba ta ɗaure wuyan mutum. Wasu Faransanci suka yi a makaranta, wasu Ingilishi, amma da an sa hannu a kwano sai ka ji Hausar zango ta ɓarke. In an wanke hannu sai ya karɓi alkawari ɗaya daga kowa: in ruwa ya taso a wajenka, na ƙasa da kai a kogi zai ji kafin ka rubuta takarda. Ina bakin ƙofar kicin nake jin suna amsawa ɗaya bayan ɗaya.

To, ga ƙorafina. Mutanen nan sun cika alkawari, amma shi suke kira. Ƙaramin ma'aikaci ba ya tsallake na gaba da shi, balle ya ɗaga waya ya kira babban wata ƙasa, sai a ce ya yi rashin kunya, ko ma ya fitar da sirrin gwamnati. Kiran malaminka kuwa gaisuwa ce. Don haka labarin ruwa sai ya tsallako teku ya zo Titiwangsa, sannan Malam ya mayar da shi ƙasar da ke maƙwabtaka da mai kiran. Na ce masa ranar da ba ka nan fa? Ya ce zai gyara in an gama zangon karatu. Ciwon zuciya bai jira zangon ba.

Ban rufe layin wayarsa ba. Ba don kogi ba, wallahi, na kasa ne kawai. Kullum tana cikin jakata.

Daminar bara, bayan la'asar, ina wani kedai, wato shago, a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina zaɓar wa masu sayayyata yadi, ana tafka ruwa a waje, sai na ji wayar Malam ta yi ƙara. Na ɗauka. Idrisa ne, mai duba ma'aunin ruwa a wata ƙaramar ƙasa da ke saman kogin, wanda ya taɓa cin tuwonmu yana sunkuyar da kai. Ya ce, "Hajiya, na san Malam ba ya nan, amma ban san wa zan kira ba." Ruwa ya wuce jan layi, za a buɗe ƙofofin dam. Ya rubuta takarda, sai dai Juma'a ce, shugabansa kuma ya yi tafiya. Garin farko a ƙetaren iyaka, kasuwar kifi ce a gaɓar kogi. Nan Yaya Hajara, yayar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, take aure, ɗakinta na kallon ruwa.

Ita na fara kira. Ta ce haba Amarya, kogin nan ai tare suka tsufa, kuma kifinta na kan banda. Ko ta yarda ma, mace ɗaya ba ta tada kasuwa. Sai an yi shela, sai an fito da jiragen ruwa. Mai ikon wannan kuwa Alhaji Garba ne, ɗaya daga cikin 'yan tuwon Asabar da ya zama daraktan ba da agaji a ƙasar da Yaya take, wanda tsakanina da shi gaisuwa ce daga bayan labule. Mai shago na riƙe da almakashi yana tambayata da yarensu boleh, wato a yanka? Ni kuwa ina laluben lambar Alhaji a wayar Malam.

Na kira. Ya yi ta'aziyya mai tsawo kamar jiya aka yi rasuwar, ya tambayi yara ɗaya ɗaya, ni kuma ina jin kamar in yi kururuwa. Da na faɗa masa, sai ya ce ba zai iya tada gari kan maganar waya ba. In ruwa bai zo ba aikinsa ya tafi, a bari takarda ta iso. Gaskiyarsa ce, na sani. Amma raina ya riga ya ɓaci, kunya ta kama gabanta.

"Ranka ya daɗe, ni na tuƙa tuwon da ka ci. Ina bakin ƙofa ka ce ka ɗauka."

Can ya ce, "Turo min lambar mutumin."

Kwana biyu ban ji komai ba. Wayar Yaya a kashe, ta Alhaji ba a ɗauka. Ban san ko na ceci gari ba ne ko na kori bawan Allah daga aikinsa. Abinci ya ƙi shiga. Rana ta uku Yaya ta kira da wayar wani daga makarantar da ke kan tudu. Ashe Alhaji ya sa an yi shela, an kwashe mutane kafin ruwa ya iso. Ɗakinta ya tafi, bandarta ta tafi, ita kuwa ga ta da jikokinta tana ta faɗa a kan kifinta. Ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba.

Da hankalina ya dawo, na zauna da 'yata Safiya, wadda in na yi mata Hausa take amsa min da Ingilishi, muka kwafe lambobin duk waɗanda suka ci tuwon Asabar, muka tura wa kowa na kowa. Na ce musu layin Malam zai rufe, wanda ruwa ya taso masa ya kira maƙwabcinsa, babba ne ko ƙarami, in an tambaye shi ya ce matar Malam ce ta sa shi. Ranar da layin ya mutu na yi kuka irin na ranar jana'iza.

Da zai leƙo yau, zai ga tarurruka sun ƙaru, na'urori sun ƙaru, har a waya ana ganin hadari daga sama. Na san tambayarsa ba za ta canza ba: wa zai kira wa? Ban sani ba ko zai yafe min rufe layinsa. Ni dai na yafe masa gyaran da bai yi ba, don alkawarin da ya karɓa da malmalar tuwo ya fi takardun otal ƙarko.

Daminar bana na yi ta cikin zullumi, ina tunanin ko da hannuna na kashe alkawarin. Makon jiya Yaya ta kira ni a wayata. Mai shela ya sake zagayawa, sun kwashe kaya sun hau tudu tun kafin ruwa ya iso, har da kifin. Ta ce an ce wani Idrisa ne ya kira Alhaji. Na buɗe durowa na duba wayar Malam. Tana nan kwance inda na ajiye ta, ba wanda ya neme ta.