Yadda Na Huda Gidan Surukina

Ni duba-gari ne a da, kuma ba na ɓoyewa, ko da yake na san har yau akwai tsofaffin matan da in an ambaci aikin nan sai sun yi tsaki. Ban ga laifinsu ba. Mu ne masu shiga gida mu leƙa randa, in mun ga tsutsa mu tuntsurar da ruwan da mace ta sha wuya wajen ɗebowa. A birni aka koya mana, aka ba mu kaki da keke, aka watsa mu ƙauyuka. Ni ƙasar Kiru aka jefa ni, 'yan shekaru kafin mulkin kai, ina sabon ango, ina ji da kaina sai ka ce ni na ƙirƙiro sabulu.

Matata 'yar Ƙafin Maiyaki ce, mahaifinta kuwa shi ne fatoman garin, mai saukar da fatake. Gidansa yana bakin kasuwa. Masu jakuna daga Bebeji in sun ɗauko gishiri da kanwa za su Tudun Wada ko Doguwa, nan suke kwana, in sun juyo ma nan ne. Gadon gidan ya yi daga mahaifinsa, kuma da shi yake ci da iyalinsa da wasu tsofaffin dangi da ba su da kowa. Ɗakunan baƙi a jere suke, ginin ƙasa mai kauri, babu taga ko ɗaya. Da rana tsaka sai mutum ya lalubi takalminsa da ƙafa. Jakuna kuma a ƙofar ɗakunan ake ɗaure su, don kowane falke yana son ya riƙa jin numfashin jakinsa.

Da damina ta yi nisa sai ga sabuwar doka. Duk mai saukar da baƙi ana biyansa sai ya yanki lasin, kuma ba a ba shi sai gidan ya cika sharuɗɗa: taga a kowane ɗaki, salga mai murfi nesa da rijiya, a shafe bango da farar ƙasa, a raba dabbobi da mutane. Gidan da bai cika ba a rufe shi. Shugabanmu, babban duba-gari, mutum ne da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya ce mu zagaya mu sanar, shi kuma da kaka zai zo da kansa ya gani. Sannan ya dube ni ya ce, "Na ji fatoman Ƙafin Maiyaki surukinka ne. To nasa sai na bi shi ɗaki ɗaki, don a san ba sani ba sabo."

Yaran yanzu da suke zama kujera ɗaya da surukansu suna gardamar ƙwallo ba za su gane halin da na shiga ba. A lokacinmu, in na hango surukina a hanya, sai in sauka daga keke in ratse cikin gero. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban san launin idonsa ba. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, in zai ambace ni sai dai ya ce "yaron nan". To mutumin nan ne hukuma ta ce in je in leƙa salgarsa, in dawo in tsaya a kansa in ba shi umarni.

Na je. Na jingine keke tun daga rumfar mahauta, na tuɓe takalmi, na shiga zaure na tsuguna, kai a ƙasa. An koya mana cewa bincike daga rufi ake farawa, to wa ya isa ya ɗaga kai? Na gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Na sake gaishe shi. Duk binciken da na yi ran nan abu ɗaya na tabbatar, faratan ƙafar surukina a yanke suke tsaf.

Da na ga haka sai na nemi ɗan aike. Surukina yana da amini, wanzamin garin, tsoho mai bakin zuma, wanda ya ce tun suna yara tare suke satar mangwaro. Na ja shi gefe na ce, "Baba, don Allah ka gaya masa doka ta ce a huda taga a kowane ɗaki. In ba a yi ba, za a rufe gidan."

Ya riƙe baki. "Rufe gida? Da bakin nan nawa zan faɗa? Bar ni dai, ɗana, na san yadda ake shigar da magana."

Muka koma zaure, na tsuguna daga bakin ƙofa ina ji. Wanzami ya gyara zama ya ce, "Yaro yana gaisuwa. Ya ce duk yawon da ya yi bai taɓa ganin gini mai ƙarfin wannan ba. Ya ce ko iska ba ta samun hanyar shiga."

Surukina ya yi murmushin da na ji shi a muryarsa. "Ka ce masa na gode. Aikin mahaifina ne."

Maganar salga kuwa, abin da ya isa kunnensa shi ne wai yaro ya ce yanzu a birni ana yayin murfi. Surukina ya ce ai mutanen birni babu abin da ba sa yi. Ta jakuna ma wanzami bai kai ta ba sam, ya ce ya duba fuskar mutumin ya ga ba ranarta ba ce. Haka muka yi ta yi kowace ranar kasuwa. Ina zuba doka da zafinta, wanzami yana fifita ta har ta huce, ta isa a matsayin yabo. Na ƙule har na fara tunanin kai ƙarar askarsa, don ni na san ba ya dafa ta.

Daga baya na gane surukina ya fahimci komai tun ranar farko. Wanzamin ne ya gaya mini, yana yi mini aski. Ya ce mutumin ya ce taga ƙofar ɓarawo ce. Falke ya ba shi amanar kayansa ya kwanta, sannan shi da hannunsa ya huda masa bango? Tun zamanin mahaifinsa ko allura ba ta taɓa ɓata a gidan ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Da na ji haka sai na gane ba taurin kai ba ne kawai.

Gero ya nuna, aka fara yanka. Labari ya zo cewa shugabanmu ya fara zagaye ta wajen Bebeji, ya rufe wani masauki, an ga mai gidan zaune a ƙofa, fatake suna wuce shi suna yi masa jaje. Na kasa cin abinci. In aka rufe gidan nan da kaka, lokacin da fatake suka fi yawa, sun koma wani wuri ke nan, kuma falke in ya saba da sabon masauki ba ya dawowa. Duk garin kuma cewa za a yi mijin 'yarsa ne ya kashe masa gida.

Matata tana dama fura ta ga ina juya ludayi ban sha ba. Ta ce, "Malam, bara da ka kai wa Baba gayya gona, yaya kunyoyinku suka fito?"

Na ce, "A karkace. Kin san abokaina 'yan makaranta ne."

"Ya ce maka wani abu?"

"Ina fa. Ai ko tsayawa bai yi ba, tun da safe ya bar gonar."

Ta ce, "To. Kai ba ka iya sa shi, shi ma ba ya iya hana ka." Ta ci gaba da damunta kamar ba ita ta yi magana ba.

Na zauna ina kallonta. Lalle kunyar nan ba ni kaɗai ta ɗaure ba. Suruki ba ya ba uban matarsa umarni, amma yana yi masa aiki, kuma aikin suruki ba a tsayawa a kansa, ba a kushe shi.

Na aika wanzami ya ce yaro yana neman izini ya kawo gayyar gyaran gida, tunda ruwa ya ɗauke, lokacin yaɓe ne. Wannan saƙo dai ya isa lafiya, don babu abin fifitawa a cikinsa. Surukina ya sa albarka, ya sa a yi tuwo da fura, ranar kuma tun da hantsi ya hau jakinsa ya tafi Ba'awa wai gaida ɗan'uwansa.

Yana ba da baya muka shigo, ni da abokaina da magini da mai ganga. Na gaya wa magini tagogin su zama can sama, ƙanana, a gicciya musu guntayen azara yadda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta shiga. Bangon nan kuwa wanzami bai yi ƙarya ba, diga tana dukansa tana dawowa. A ɗaki na ƙarshe ashe akwai wani falke da ya makara yana barci. Haske yana faɗa masa a fuska ya zabura yana salati, ya fito da gudu yana tambaya ko gini ne ya faɗi. Abubuwan da hasken nan ya tona ba su da iyaka. Mun sami kaza a kan ƙwai a bayan wata tsohuwar mangala, da takalmi ƙafa ɗaya da aka ce an yi shekaru ana zargin aljanu a kansa. Muka haƙa sabuwar salga, muka yi mata murfi, muka mai da turakun jakuna bayan gida, muka shafe ko'ina da farar ƙasa har da kanmu.

La'asar sakaliya ya dawo. Mai ganga ya yi shiru, abokaina suka sulale ɗaya bayan ɗaya, 'yan amana. Na tsuguna a gefe, fari fat kamar an tono ni daga buhun gari. Ƙafafunsa kawai nake gani. Suka bi jerin ɗakunan a hankali, suna tsayawa a gindin kowace taga. Da suka kai ƙarshe suka daɗe a tsaye. Sannan na ji ya ce wa wanzami, "Ka ce wa yaro sannu da aiki."

Wanzami ya zo ya ce, "Ya ce sannu da aiki." Ran nan ne kaɗai ya kawo saƙo bai ƙara masa komai ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na huda ginin ubansa a bayan idonsa, kuma na yi ta hanyar da ba shi da bakin magana. Daga makon nan ƙullin nama da yake aiko wa 'yarsa kowace ranar kasuwa ya daina zuwa. Ita kuwa duk ranar kasuwa ina ganin tana duban ƙofa.

Shugabanmu ya zo kamar yadda ya yi alkawari. Ya bi ɗaki ɗaki, ya gwada tagogin da sandarsa, ya ɗaga murfin salga ya leƙa ya daɗe, kamar wanda ya jefa wani abu a ciki. Ya nemi laifi bai samu ba, ya ba da lasin fuska a murtuke. Surukina ya soke takardar a azarar zaure bai ko dube ta ba. Fatake suka cika gidan a kakar nan. Da sanyi ya shigo aka toshe tagogin da tsummoki, in an ji ƙararrawar kekena a zare su. Ƙararrawar kuwa tana da ƙarfi, tun daga bakin gari ake jin ta. Gida dai ya tsira, amma naman kasuwa bai dawo ba.

Sai bazara ta zo da irin zafin da ke sa kaji buɗe baki. Wata rana ina aski, wanzami ya rage murya ya ce an kama surukina yana ƙailula a ɗakin baƙi. Da aka tambaye shi ya ce kuɗin cizo yake dubawa. Kullum da azahar sai ya je duba kuɗin cizon nan, har da matashin kai. Na yi dariya har aska ta kusa yanka ni.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wanzami har gida. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya gyara zabirarsa, ya ce, "Surukinka yana gaisuwa. Ya ce turakarsa gini ne mai ƙarfi, aikin mahaifinsa. Ya ce ko iska ba ta samun hanyar shiga."

Matata ta toshe baki da gefen zane ta shige ɗaki.

Washegari na ɗauki diga na tafi ni kaɗai, ba ganga ba abokai. Na zaci zan tarar ya tafi Ba'awa. Ina shiga turakar sai na gan shi zaune a kan buzu, ya ba ni baya, yana jan carbi. Na tsuguna na gaishe shi, na jira ya fita. Bai fita ba. Na duba ko wanzami yana kusa, babu shi. Haka na hau turmi na fara saran bango, ƙasa tana zuba a bayan surukina.

Da diga ta ɓulla, haske ya sauka a kan buzun, iska ta biyo shi. Na tsaya zan fara gyara bakin ramin. Sai na ji ya yi gyaran murya. Bai juyo ba, kuma babu kowa a ɗakin da za a ce ya gaya wa yaro.

Ya ce, "Ƙara faɗinta kaɗan, ɗana."