Mai Awon Rumbun Sarki

Bayan sallar isha'i kakarmu Hajjo takan jawo kaskon garwashi tsakar gidanmu na Illela, mu jikoki mu kewaye ta da ƙullin gyaɗa. Ni ce mai bakin tsiya a cikinmu. Kafin ta gama cewa ga ta nan, na riga na ce ta zo, amma kada ta daɗe.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin sai ta watsar da Gizo da Ƙoƙi ta kama tatsuniya guda. Wai a wani gari sarki ya hana kasuwa, ya gina rumbu ɗaya. Kowa ya yi noma ya kai can, a auna masa abin da zai ci. Mai awon baƙo ne, mai amana, bai taɓa ɓoye ko tiya guda ba. Kwatsam aka rushe rumbun, aka yi shela kowa ya nemi na kansa. Masu ɓoyon hatsi suka wayi gari 'yan kasuwa. Shi ko ba gona, ba jari, ko tayi bai iya ba.

"Mi ya hana shi komawa garinsu?" in ji ni.

"Kunya, ɗiyata. Shekara goma sha biyar, shi taho hannu sake? Amma uwa tai ba tsaraba taka jira ba."

"Wawa ne dai, Hajjo!"

Muka fashe da dariya. Ta sunkuya tana tona garwashi, ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido. Ba ta taɓa rufe wannan tatsuniya da ƙurunƙus ba.

Sai da na girma na gane. Kawu Sani, ɗanta na fari, yana Faraku ta ƙasar Binin, inda gwamnatin gurguzu ke riƙe da saye da sayarwa. Awo yake yi a kantin gwamnati. Da aka fara sakar wa 'yan kasuwa harka, aka rufe kantin, shi kuma ya daina aiko saƙo. Hajjo mace ce mai alkunya. Ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta ce tana kewarsa ko a je a ɗauko shi. Tatsuniya kaɗai ta rage mata, ta yi ta faɗa da ƙarfi yadda mazan da ke zaure za su ji. Cikinsu har da direbobi biyu masu bin hanyar. Ba wanda ya ɗauka.

Kawu ya iso kwana tara bayan an kai ta makwancinta, da 'yar jaka ɗaya. Shekaru bayan haka na ba shi tatsuniyar, har da abin da na kira shi. Ina jin zafin wannan kalma har yau.

Da na gama ba shi, sai ya ce, "Sau biyu ina kawowa Konni ina juyawa."

Tsakanin Konni, garin da ke ƙetaren iyaka, da ƙofar gidanmu, ko a ƙafa, bai kai tafiyar hantsi ba.