Damin hatsi daga gonar gwaji

Shugaban sashenmu na ilimin noma mutum ne da ko hanyar rijiya ka tambaye shi, sai ya ce ka bari zai kai ka da kansa. Ni ɗan Madawa ne, na tashi cikin 'yan albasa, na ga rowa iri-iri, amma rowar sani sai da na fara koyarwa a jami'a na sha mamakinta. Farfesa muke ce masa, kuma ya cancanta, don ya san ƙasar Adar kamar yunwar cikinsa. Matsalar ita ce ba ya so kowa ya san ta sai ta bakinsa. Idan aka buɗe neman tallafin bincike, ranar da aka rufe muke ji. Makullin ɗakin gwaji a aljihunsa yake kwana. A taron malamai kuwa ba wanda ya kai shi wa'azin haɗin kai.

A cikinmu akwai wata malama da ta bar koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, a Buza, ta zo jami'a da 'ya'yanta ƙanana don ta yi digirin dakta a ƙarƙashinsa. An ɗauke ta aiki na wucin gadi, da sharaɗin in ba ta gama cikin wa'adi ba, ta koma inda ta fito. Bincikenta a wani ƙauye yake, bayan Ibohaman. Mutanen garin sun ara wa Farfesa wani fako, wato ƙasar da ta taurare har ciyawa ta ƙi ta. Rabi aka haƙa masa tassa, ƙananan ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa. Rabin kuma aka bar shi yadda yake, ba a taɓa shi, don a riƙa gwada bambancin kowace damina. Duk aikinta a kan wannan rabin da aka bari ya dogara, kuma damina ɗaya ta rage mata.

Ina raka su aikin daji saboda ni ma ƙasa nake karanta. To, duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san ba a shiga gonar mutum sai an fara shiga zaurensa. Ka zauna, ka gaisa, ka tambayi iyali da dabbobi, ka sha abin da aka miƙo maka. Farfesa ya fi kowa sanin haka, shi ya sa ya mayar da gaisuwar tasa shi kaɗai. Da mun iso sai ya sa direba ya tsaya gindin wani gawo a bakin gari, ya gyara hula, ya ce mu ɗan jira shi. Muna zaune muna gumi, muna jiyo dariyarsa daga zauren mai gari, har ya fito yana share fura a gashin baki. Daga nan a zaga da mu ta bayan gari zuwa fakon, malama ta duƙa tana awo cikin rana, shi yana inuwa yana waya.

Na taɓa yi masa magana. Ya ce mutanen ƙauye sai an iya su, kalma ɗaya ta yaro tana iya ɓata aikin shekaru, mu yi haƙuri lokacinmu na zuwa. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu, kuma a ƙauye aka yanke mini cibiya, wai ni ne yaron. Na haɗiye fushina, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ana gab da shuka aka naɗa shi wani babban muƙami a Yamai. Kafin nan ya fitar da maƙala daga awon da malama ta yi a damunan baya, sunansa a gaba, nata can a ƙarshe. Ranar walimar ban kwana ta roƙe shi lambar mai gari. Ya ce ba ta da buƙata, ya riga ya shirya komai, zai zo ya kai ta da kansa. Ta jira. Duk sanda ta kira sai ya ce mako mai zuwa. Sai da hatsi ya nuna ta ga ba sarki sai Allah, ta zo ofishina ta ce: "Yaya, ka raka ni, ko korar mu za su yi."

Ba su kore mu ba. Ranar muka fara taka zauren nan. Mai gari, dattijo mai sanyin magana, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya dube mu da kyau.

"Ashe ku ne mutanen mota," ya ce. "Mu mun ɗauka ƙyamarmu kuka yi. Mun tambayi Farfesa, yac ce yara na masu riƙe mai igiyar awo, ba su saba da ruwanmu ba."

Kunya ta rufe ni, takaici ya biyo baya. Malama ta yi masa bayanin ko ita wace ce da abin da ya kawo ta. Dattijon ya ce a kira mai gonar, mu tafi tare mu gani.

Tun daga nesa na gane. Rabin da aka bari babu shi. An haƙe shi tas da tassa, hatsi ya tsaya ya fi mutum tsawo, har an fara yanka. Mai gonar sai murmushi yake, yana nuna mana zangarniya. Mai gari ya ce da suka ji labarin muƙamin suka buga waya don yi wa Farfesa murna, suka tambaye shi ko har yanzu a bar wurin. Ya ce musu aiki ya ƙare, su noma abinsu, tukwicinsa ke nan gare su.

"Ɗiyata, da mun san aikinki na, wallahi ba mu taɓa shi," in ji dattijon. "Amma wa za mu tambaya? Ko sunanki ba mu sani ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna kan jeren duwatsun bakin gonar, ta daɗe tana kallon hatsin. Ni kuwa ƙyamar Farfesa ce ta cika ni. Shi aikinsa ya ƙare tunda maƙalarsa ta fito, nata kuma ko tunawa bai yi ba. Ga shi ba mai tuna masa, don ya tabbatar ba wanda ya san wani.

Da za mu tafi, mai gonar ya kawo dami guda, ɗaure da kyau, ya ce a kai wa Farfesa, a ce masa sun gode. Malama ta karɓa da hannu biyu. Bayan motar cike yake da kayan awon da ba mu ko sauke ba, don haka a cinyarta damin ya zauna har muka wuce Keita, ƙaiƙayi na zuba mata a zane.

Bayan 'yan makonni ya zo jami'a wani taro, ta kai masa damin ofis ina biye da ita. Ta ce: "Ranka ya daɗe, saƙo ne daga gonar gwaji. A rabin da aka bari aka noma shi."

Ya shafa zangarniyar, fuskarsa ta cika da fara'a, ya kira malaman da ke wucewa su zo su ga yadda mutanensa ba sa manta shi. Sai da ya gama ya juyo gare ta, ya ce yaushe za ta kawo masa babi na ƙarshe, don ita kaɗai ke jan sashen baya.

Da aka koma karatu, wa'adinta ya cika, ta kwashe 'ya'yanta ta koma Buza.