Yadda Na Koya wa Innar Yara Shiga Kano

Shekarun baya na tafka wani wawanci a Kano. Tun kafin Innar yara, wato uwargidana, ta riga ni ba ku labari, gara in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Amma ku lura, wawa ne mai ilimi, don na ɗan zauna a aji kafin mahaifina ya gano fadamar shinkafa ta fi makaranta buƙatata.

Da ƙuruciyata na taɓa raka kawuna Kano da kwandunan busasshen kifi daga Gummi. Tafiyar ke nan guda. Amma da ita na zama masanin birni a unguwarmu har gemuna ya yi fari. Duk mai niyyar zuwa Kano sai ya zo majalisa na karanta masa dokoki, ina gyaran murya kamar alƙali.

Sai ga dalilin komawa ya taso. 'Yar farinmu tana aure a can, ta daɗe Allah bai ba ta haihuwa ba. Da cikin ya samu, likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba ta zo gida ba kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, namiji. Mijinta ya bugo waya ya ce sunana za a sa wa yaron, kuma ba za a raɗa ba sai ina zaune a kan tabarma, da sassafe ranar suna.

"Baba, in kun iso Kabuga ku kira ni in zo in ɗauke ku," in ji shi.

"Ni za a tarba a Kano? Ina yawo cikin garin nan ba a haife ka ba. Wace unguwa ce?"

"Rijiyar Zaki, Baba, idan aka wuce..."

"Ya isa! Na san wurin. Akwai babban durumi da mai shayi a gindinsa."

Ya ce "To, Baba," irin na ladabin suruki. Ni kuwa na ɗauka gaskata ni ya yi.

Ana gobe suna muka shirya. Innar yara ta ɗaure daddawa da yaji da kanwa da garin kunu, ni kuma na zaunar da ita na ba ta darasi. Na ce a Kano ba a ɗaga kai a kalli bene, nan take za a gane baƙauye ne. Ba a gaida kowa. Ba a tambayar hanya, wanda ka tambaya shi zai sayar da kai. Babbar dokar kuwa, ba a shiga birni da waya, ɓarayi daga nesa suke jin ƙanshinta. Na naɗe tawa a tsumma na cusa cikin rumbun gero.

"To in munka ɓace fa, Malam?" ta tambaya.

"Da wa za ki ɓace? Da ni?"

Muka bi ta Anka, muka canza mota a Gusau, muka sauka Kano da la'asar. Na tsaya na duba gabas na duba yamma. Jama'a, an sace mini Kano! Inda na bar gonakin gero, na tarar da hanya a sama da wata a ƙarƙashinta, motoci na shigewa rami suna fitowa ta gaba. Na daɗe kai a sama, baki buɗe, sai na ji an ja mini hannun riga.

"Malam, sauke kanka. Za a gane mu."

Mai adaidaita ya kai mu Rijiyar Zaki ya tambayi inda za mu sauka. Na ce gindin durumi. Ya ce wane durumi? Na ce na mai shayi. Ya zaga da mu har ya gaji, ya sauke mu gaban wani shagon sayar da firji ya yi gaba. Muka shiga lungu muka fita lungu, ni a gaba da taku irin na ɗan gari, ita a baya da ƙunshi a ka. Da muka sake ɓullowa gaban shagon firjin nan, ta ce, "Wanga shago dai yana da rassa da yawa."

Rana ta fara yin ja. A nan tunanin gobe ya faɗo mini. Na hango gari ya waye, liman ya zauna, an kawo goro da dabino, ana ta leƙen ƙofa, mai sunan kuwa yana kwance a benci a tasha. Yarinyar da ta yi shekaru tana jiran wannan safiya za ta ɗauka iyayenta sun ƙi zuwa.

Na karya dokata da kaina, na tambayi wani mai kanti. Ya ce wa muke nema? Na faɗi sunan surukina. Ya yi dariya ya ce a layin nan kaɗai masu wannan suna sun isa cika sahu a masallaci.

"To matar fa, Baba? Ya sunanta? Sai in aika a tambayi matan cikin gida."

Na dubi Innar yara, ta dubi ƙasa. 'Yar fari ce fa. Tun da aka haife ta, daga ni har uwarta babu wanda ya taɓa kama sunanta, sai dai "yarinyar nan". Yanzu a tsakiyar titi, gaban baƙo, zan buɗe baki da gemuna?

"Sunanta... sunan mata ne dai," na ce.

Mai kanti ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya ga cinikinsa.

Muna tsaye sai ga wani mai ruwa yana tura kura cike da jarkoki, a sama an ɗora damin ganyen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya. Innar yara ta sauke ƙunshinta ta tare shi. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya irin ta gida, da gajiya da iyali da kasuwa, ina ta yi mata ido tana yi kamar ba ta gani.

"Ɗana, ganyen ga na wankan jego ne ko?"

"Shi ne, Inna. Safe da yamma nake kai musu ruwa."

"Yaushe suna?"

"Gobe."

"Mai jegon 'yar ina ce?"

"Oho. Amma in ta yi magana, kamar ke."

Ta ɗauki ƙunshinta ta bi bayan kura. Ni ma na bi, amma na ɗan matsa gefe don masu kallo su ɗauka ni ke nuna hanya. Kafin a kira magariba muka ga hayaƙin itace na tashi daga wani gida, ga rago ɗaure a ƙofa, ga surukina yana kai da kawo da waya a kunne. Ya kira ni har ya gaji, gero kuwa bai amsa ba.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa. Yarinyar nan ta rungume uwarta suna kuka suna dariya. Aka miƙo mini jaririn, ja wur da shi, ya ƙanƙame yatsana. Na duba da kyau na shaida wa kowa hancina ne. Da safe liman ya raɗa suna ina zaune a gaba cikin babbar riga, na ji sunana ya fito sabo fil, kamar ba ni na tsufar da shi ba.

Har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai a gona. Na gane birni ba ya zama ya jira mutum, kuma mutanen cikinsa ba dodanni ba ne, wanda ka gaisar zai amsa. Takwarana yanzu har ya iya ƙwace mini hula.

Sai dai hali ba ya fita da sauƙi. Kwanan baya maƙwabcina da matarsa za su je Kano, suka shigo neman shawara. Na gyara zama na gyara murya.

"Abu na farko, in kunka tashi..."

Daga bakin murhu Innar yara ta karɓe, ko juyowa ba ta yi ba.

"In kunka tashi, ku tafi da waya. Malam za ku naɗe a tsumma ku bari cikin rumbu."