Mai Faɗowa Daga Doki

Jiya a shagon gahawa a Abbasiya, a birnin Alƙahira, na ga Baba, maƙwabcinmu na unguwar Ainu Shams, a talabijin, shekara guda da rasuwarsa. Tsohon fim ɗin kaboyi ne. Aka harbe shi, ya faɗo daga doki, 'yan kallo suka kwashe da dariya.

Aikinsa ke nan tun ƙuruciya. Na tuna ina shafa masa man zafi a kafaɗar da yake faɗowa a kanta, ya ce, "Ɗana, jarumi harbi kawai yake yi. Ni nake sa a yarda akwai harsashi."

Na jira ƙarshen fim ɗin har shayina ya huce. Sun rubuta sunan dokin, ba su rubuta nasa ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya kira ka da sunanka.