Yadda na koya wa lawban gaishe da suruka

Ni dai ban taɓa cewa ni malamar Turanci ba ce. Ita ce ta naɗa ni, ni kuma ban musa ba, don ba na son a ce akwai abin da ban iya ba. Wannan hali tun ina yarinya nake da shi, har yau bai sake ni ba.

Matar tana da shago a hawa na uku a kasuwar Baima, a Guangzhou, inda nake sarin dogayen riguna ina kaiwa Kano. Mun kai shekara shida muna hulɗa. Ina ce mata lawban, yadda muke ce wa duk mai shago a can, ita kuma tana ce mini Hajiya, sai dai a bakinta yakan fito kamar atishawa. Gajeriya ce, ga faɗa. Mijinta ya rasu tun ɗansu yana firamare, da wannan shagon ta riƙe yaron har ya tafi karatu Ingila. Hirarmu nuni da hannu ne da 'yan kalmomi, in abin ya cije mu sa wayarta ta fassara mana.

Wata rana na shiga na tarar ta bar kaya a warwatse, ta duƙufa kan wani ɗan littafin koyon Turanci. Ta zaunar da ni kan dila, ta zuba mini shayin nan nasu mara sukari, ta riƙa yi wa waya magana, wayar tana ba ni labari. Ɗanta ya samu mata a can, Baturiya, kuma uwar yarinyar za ta zo nan da sati uku. Yaron ya ce mata kada ta wahalar da kanta, ta zauna kawai ta yi murmushi, shi zai yi magana. Wannan ce ta tsaya mata a rai. Ta ce ta gane nufinsa, kunya yake ji a ga uwarsa mai sayar da riguna ba ta iya buɗe baki ba. Tana so ta gaishe da surukarta da bakinta, ba da waya ba, kuma ba ta so ɗanta ya sunkuyar da kai saboda ita.

Ta nuna mini littafin. An ware shafi guda sukutum ga kalma ɗaya, fayin, an kewaye ta da bayani cikin rubutunsu. Wai in an tambayi lafiyarka ka ce fayin, ka yi godiya, ka tambayi tasa, a tashi.

Na ce, "Gaisuwar ke nan gaba ɗaya?"

Ta gyaɗa kai.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Lawban, wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa aurar da ɗa ba. Wannan ai gaisuwar direban tasi ce. Suruka guda za ki sallama da wannan?"

Turancina, in faɗi gaskiya, a aji uku na sakandare ya tsaya, sauran a filin jirgi na tsinto shi. Amma ita ta riga ta yanke cewa duk ɗan Najeriya da Turanci aka yaye shi. Sai na ɗauko gaisuwarmu ta gida na juye ta cikin Turancin da nake da shi. Yaya hanya, yaya gajiya, yaya gida, yaya maigida, yaya yara, yaya aiki, yaya zafi, sannan a koma kan gajiya, don ita sau biyu ake tambayarta. Tana rubuta sautin da baƙaƙensu, harshe a waje kamar 'yar aji ɗaya.

Ta tambaye ni me matar za ta amsa. Na ce fayin. Ta ce a duka? Na ce a duka, nan ne amfanin kalmar, shi ne littafin bai sani ba. Ko gidan mutum ne ya ƙone da safe, in an tambaye shi gida fayin zai ce, labari sai an zauna an sha ruwa. Ita ma duk abin da aka ce mata, ta yi murmushi ta ce fayin, ta wuce tambaya ta gaba. Har ga Allah na ɗauka duk duniya haka ake yi.

Na kuma koya mata durƙusawa, don ba a gaishe da suruka a tsaye kamar soja. Gwiwoyinta suka yi ta ƙara, amma ta cije. Sati uku tana gwadawa kan duk wanda ya leƙo shagon. Ran nan wani Alhaji ɗan Maradi ya zo neman abaya, kafin ya buɗe baki ta zube ta fara jero masa. Shi ba ya jin Turanci ko kaɗan, amma ya gane kiɗan. Sai ga shi ya rusuna yana amsawa, lafiya lau, lafiya ƙalau, ba gajiya, har ta kai ƙarshe. Ya juyo ya ce mini, "Hajiya, wagga mata ta san mutane." Kaina ya ƙara girma, ranar ko sannu ban yi wa kowa ba a hanya.

Da ranar ta zo ta ce dole in je. Ta zaɓi wani gidan abinci na Musulmin ƙasar a unguwar Xiaobei don in iya cin abincin, aka sa lokaci bayan azahar. Ɗan ya shigo cikin kwat, ya kalle ni da lulluɓina ya kalli uwarsa. Bayansa ga yarinyar, ga uwarta, doguwa siririya, kanta fari fat.

Lawban ta tako ta durƙusa a gabanta. Na ga fuskar yaron ta sauya. Ta leƙa tafin hannunta, inda ta rubuta jerin, ta ce da Turanci, "Yaya hanya?"

Uwar yarinyar ba ta ce fayin ba. Ta ja kujera ta zauna, ta fara ba da labarin hanya. Jirgi ya yi latti, jaka ta maƙale, wani ya yi ta tari a bayanta. Turancin ta hanci yake fita, kalma ɗaya cikin biyar nake kamawa. Lawban ta waiwayo ta kalle ni. Na gyaɗa mata kai irin na manya, wai ci gaba. Da aka zo gajiya muka ji tarihin bayanta da ke ciwo. Da aka zo gida muka ji rufin yana yoyo. Lawban tana tsugune, gumi yana tsattsafo mata, tana jira matar ta ja numfashi ta jefa ta gaba.

Sai ta ce, "Yaya maigida?"

Yarinyar ta riƙe hannun uwarta. Uwar ta faɗi 'yan kalmomi a hankali, waɗannan kam na ji su sarai: ya rasu, wata huɗu ke nan. Lawban ba ta ji ba, kanta yana kan tafin hannunta. Ta yi abin da malamarta ta koya mata. Ta washe baki ta ce, "Fayin," ta ɗora da, "Yaya yara?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron ya faɗi wata magana da yarensu, gajeriya mai zafi, ya sunkuyar da kai. Abin da matar nan ta yi sati uku tana gudu, ni na kawo mata shi da hannuna.

Lawban ta ɗago ta ga hawaye a fuskar baƙuwar. Ta tambayi ɗanta, ya faɗa mata. Ba ta sake kallona ba. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwoyi suka ƙi, sai ta ja jiki a tsugunen ta kama hannayen matar biyu, ta fara magana da yarenta, doguwar magana, tana kuka. Daga baya yaron ya gaya mini labarin babansa take ba ta, yadda ta shekara tana dafa shinkafar mutum uku tana mantawa, yadda ta kasa ɗauke silifas ɗinsa daga bakin ƙofa. Baturiya ma ta kama nata da Turanci. Yaron ya matso zai fassara, uwarsa ta kore shi da hannu kamar ƙuda. Babu wadda ke jin ta wata, babu kuma wadda ta tsaya.

Aka kawo taliya da naman rago. Na ga ba mai bukatar malama, sai na ja kwanona na fara ci, don ban san inda zan sa idona ba. Yarinyar ta raɗa mini cewa a can garinsu kowa ya daina ambaton babanta, maƙwabta har kauce wa uwar suke don kada su rasa abin faɗa. Tun da aka binne shi, yau ne aka fara tambayarta shi.

Yaron ya daɗe yana kallon uwarsa a ƙasa. Sai ya sauko, da kwat ɗinsa a jiki, ya tsuguna kusa da ita, ya sa hannu ya ɗago ta, bai sake ta ba. Ya ce wa surukarsa, da Turanci mai sauƙi wanda har ni na ji duka, "Wannan ita ce mahaifiyata. Riguna take sayarwa. Ita kaɗai ta raine ni."

Lawban ba ta ji abin da ya ce ba, sai kallon fuskarsa take. Na ajiye cokali.